Taswira Da Ƙuri'a: Abin Da Matasan Masana Ke Tonowa Game Da Rabon Kujerun Majalisa

A cikin watan Oktoba na shekarar 1951 aka yi babban zaɓe a Birtaniya, inda Jam'iyyar Leba ta sami ƙuri'a kusan miliyan 14, watau fiye da abin da wata jam'iyya ta taɓa samu a tarihin ƙasar har ya zuwa wancan lokaci. Amma da aka zo lissafin kujerun majalisa, sai aka tarar Leba tana da 295, Jam'iyyar 'yan mazan jiya kuwa da abokan ƙawancenta suna da 321. Clement Attlee ya sauka daga kan mulki, Winston Churchill ya koma kujerar Firayim Minista. Ba a saci akwati ba, ba a kuma yi aringizon ƙuri'a ko ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne magoya bayan Leba sun cunkushe a garuruwan haƙar kwal da na masana'antu, inda 'yan takararsu suka riƙa cin zaɓe da rata mai yawa wadda ba ta ƙara musu ko kujera guda ba, su kuwa abokan hamayya suna ta lashe mazaɓu masu yawa da 'yar tazara kaɗan.

Wannan al'amari, na yadda wurin da mai jefa ƙuri'a yake zaune kan ƙara wa ƙuri'arsa daraja ko ya rage mata, shi ne ya zama fagen bincike mai zaman kansa a jami'o'in Turai da Amurka. Masu aikin sun haɗa da masana labarin ƙasa, da na kimiyyar siyasa, da na lissafi. Babban nauyin aikin kuwa yakan faɗa ne a kan wasu matasa waɗanda jama'a ba su cika jin sunayensu ba, watau masu aikin bincike bayan digiri na uku.

SU WANE NE SU?

Wanda ya gama digiri na uku, wanda ake yi wa laƙabi da digirin digirgir, ba lalle ba ne ya sami kujerar koyarwa ta dindindin nan take. Da yawa sukan fara karɓar wani aiki na wucin gadi, na shekara ɗaya zuwa uku, a ƙarƙashin wani babban shehun malami wanda ya sami kuɗin gudanar da bincike daga gwamnati ko daga wata gidauniya. A Turai, Majalisar Bincike ta Tarayyar Turai tana cikin masu ba da irin waɗannan kuɗaɗe. Albashin mai wannan aiki daga cikin kuɗin binciken yake fita, ran da kuɗin ya ƙare kuwa aikin ya ƙare ke nan. Saboda haka tilas ne ya wallafa sakamakonsa a mujallun masana da hanzari, in yana so a ɗauke shi aiki a gaba.

Aikin da kansa ba shi da ƙyalƙyali. A Amurka, alal misali, gudanar da zaɓe yana hannun jihohi da ƙananan hukumomi fiye da 3,000, kowacce da irin yadda take ajiye sakamakonta. Wata za ta ba da shi cikin tsari mai kyau, wata kuwa hoton takarda kawai za ta aiko, sai an zauna an kwafe shi da hannu. Iyakokin rumfunan zaɓe kuma sukan sauya daga wannan zaɓe zuwa wancan, ba sa kuma dacewa da iyakokin da ma'aikatan ƙidayar jama'a suke amfani da su. Sai mai bincike ya shafe watanni yana daidaita taswira da taswira, yana liƙa wa kowace unguwa adadin mutanenta da adadin ƙuri'unta, kafin ya kai ga tambayar da ta sa shi fara aikin. A Jami'ar Michigan akwai wata taska da masana suka kafa domin tara sakamakon zaɓen majalisu mazaɓa bayan mazaɓa daga ƙasashe fiye da ɗari, kuma irin wannan taska da guminsu ake cika ta.

Tushen wannan ilimi ya daɗe. Tun a 1913 wani Bafaranshe, André Siegfried, ya wallafa nazarinsa a kan yammacin Faransa, inda ya lura cewa yankunan da ƙasarsu take da dutse mai tauri sun fi zaɓen masu ra'ayin riƙau, yankunan farar ƙasa kuwa sun fi karkata ga masu neman sauyi. Ba wai dutse ke jefa ƙuri'a ba. A inda dutsen yake da tauri ruwa yana samuwa ko'ina, sai mutane suka warwatsu a gonaki ƙarƙashin manyan masu filaye da limaman coci. A farar ƙasa kuwa ruwa yakan nutse, sai jama'a suka taru kusa da rijiyoyi suka kafa ƙauyuka, kowa da 'yar gonarsa, ba mai juya shi. A 1979 kuma wasu Turawan Ingila biyu, Graham Gudgin da Peter Taylor, suka nuna da lissafi yadda warwatsuwar magoya baya a faɗin ƙasa take juya ƙuri'u su zama kujeru.

CUTAR DA AKA FI SANI

Hanya mafi sauƙin ganewa ta tauye wakilci ita ce a bar mazaɓu ba daidai ba wajen yawan jama'a. Kafin dokar gyara ta 1832, wani tudu a Ingila da ake kira Old Sarum, wanda mutane suka daɗe da ƙaurace masa, yana aika wakilai biyu majalisa da ƙuri'un mutanen da ba su kai ashirin ba, alhali babban birnin masaƙu na Manchester ba shi da wakili nasa na kansa. Amurka ma ta daɗe cikin irin wannan hali. Jihar Tennessee ba ta taɓa iyakokin mazaɓun majalisarta ba tun 1901 har zuwa lokacin da aka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1962 cewa kotuna suna da hurumin shiga maganar. A California, yankin Los Angeles mai mutum miliyan 6 yana da ɗan majalisar dattijai na jiha guda ɗaya tak, daidai da wani yankin duwatsu mai mutum kimanin 14,000. A 1964 kotun ta ce dole mazaɓu su yi kusan daidai.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan lissafin malamai ne kurum. A 2002 wasu masana uku, Stephen Ansolabehere da Alan Gerber da James Snyder, suka bi diddigin kuɗin da gwamnatocin jihohi suke rabawa ƙananan hukumomi kafin waɗannan hukunce-hukunce da bayansu. Suka gano cewa daidaita mazaɓun ya karkatar da kimanin dala biliyan 7 a kowace shekara daga yankunan da a da suke da wakilai fiye da kima zuwa waɗanda aka tauye. Makaranta da hanya da asibiti suna bin inda wakili yake.

Cuta ta biyu ita ce murɗiyar iyaka. Sunanta a Turance, jerimanda, ya samo asali ne daga Elbridge Gerry, gwamnan jihar Massachusetts, wanda ya sa hannu a 1812 a kan wata taswirar da aka zana domin amfanin jam'iyyarsa. Ɗaya daga cikin mazaɓun ta karkace har wata jarida ta Boston ta zana ta da siffar wata dabba mai kama da ƙadangare, da fukafukai da farata. Dabarar guda biyu ce. Ko dai a cusa magoya bayan abokin hamayya cikin mazaɓu 'yan kaɗan su ci da rata marar amfani, ko a yayyanka unguwanninsu a rarraba su cikin mazaɓu da yawa yadda ba za su yi rinjaye ko'ina ba. Yawan jama'a a kowace mazaɓa daidai yake, amma an riga an san wanda zai ci tun ba a buga takardar ƙuri'a ba.

IDAN BABU MAI MAGUƊI FA?

A nan ne binciken zamani ya zo da abin da ba a zata ba. Shekara da shekaru, duk lokacin da jam'iyya ta sami rabin ƙuri'u amma ta tashi da sulusin kujeru, sai a ce ai an murɗe iyaka. Masu zanen taswirar kuma su ce sam, haka Allah ya zaunar da jama'a. Babu wanda yake iya ƙaryata ɗaya, domin babu wata taswira ta gaskiya da za a ajiye a gefe a gwada.

A 2013 Jowei Chen na Jami'ar Michigan da Jonathan Rodden na Jami'ar Stanford suka wallafa wani nazari da ya sauya yadda ake wannan muhawara. Sun ɗauki jihar Florida da ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa na 2000, wanda George Bush ya rinjayi Al Gore da ƙuri'a 537 kacal cikin kusan miliyan 6, watau jihar ta rabu biyu kamar an auna da sikeli. Suka umurci kwamfuta ta zana mazaɓu, ba tare da an gaya mata wanda kowace unguwa ta zaɓa ba. Sharuɗɗan da aka ba ta su ne kowace mazaɓa ta kasance dunƙule, a haɗe ba tsinke-tsinke ba, jama'arta kuma daidai da na sauran. Ta zana, ta sake zanawa, sau da yawa. Daga baya ne aka ɗora ƙuri'un a kan taswirorin aka ƙirga. Sai ga shi Jam'iyyar Rifablikan tana tashi da kusan kashi 60 cikin 100 na kujerun, a jihar da aka yi kunnen doki, a hannun na'urar da ba ta san jam'iyya ba.

Dalilin shi ne wanda ya kayar da Leba a 1951. 'Yan Dimokurat sun cunkushe a tsakiyar birane irin su Miami, inda a wasu rumfuna sukan sami kashi 80 ko 90 cikin 100. 'Yan Rifablikan kuwa sun bazu a kewayen birane da ƙauyuka, suna da rinjaye madaidaici a wurare da yawa. Watau jam'iyyar birni ta cusa kanta da kanta, tun kafin wani ɗan siyasa ya ɗauki alƙalami. A littafinsa na 2019 Rodden ya bi asalin abin har zuwa zamanin kafa masana'antu, sa'ad da aka gina gidajen leburori a matse kusa da tashoshin jirgin ƙasa da na ruwa. Masana'antun sun mutu, gidajen suna nan, kuma taswirar ƙuri'a ta bi sawun tsohon layin dogo.

Misali mafi ban mamaki ya fito ne daga Massachusetts, jihar Gerry kansa. A can 'yan Rifablikan sukan sami kimanin sulusin ƙuri'u a manyan zaɓuɓɓuka, amma tun bayan zaɓen 1994 suka shafe shekaru fiye da ashirin ba su ci ko kujera ɗaya ta Majalisar Wakilai ta tarayya ba. Duk wanda ya ji haka zai rantse an yi murɗiya. Moon Duchin, wata masaniyar lissafi da take Jami'ar Tufts a lokacin, ta duba al'amarin tare da abokan aikinta a wani nazari na 2019. Suka nuna cewa a zaɓuɓɓuka da dama, ko da za a tsinto garuruwan da Rifablikan ta fi ƙarfi daga ko'ina cikin jihar a haɗa su wuri guda, ba tare da kula da ko suna maƙwabtaka ba, ba za su isa mazaɓa ɗaya mai rinjayen jam'iyyar ba. Magoya bayanta sun narke cikin jama'a kamar gishiri a miya: suna ko'ina, ba su da rinjaye ko'ina. Ashe cunkoso yana cutarwa, bazuwa fiye da kima ita ma tana kashewa.

Wannan dabara ba ta wanke 'yan siyasa ba, hasali ma ita ce ta zama tarkon kama su. A jihar Pennsylvania, a zaɓen 2012, 'yan takarar Dimokurat sun fi samun ƙuri'u a jimlace amma kujeru 5 suka ci cikin 18, haka kuma rabon ya tsaya, 13 da 5, a 2014 da 2016. Da aka je kotu, masu kare taswirar suka jingina da cunkoson jama'a a Philadelphia da Pittsburgh. Chen ya ba da shaida, ya gabatar da taswirori 500 da kwamfuta ta zana bisa ƙa'idodin da aka saba, babu ko ɗaya da ta ba Rifablikan kujeru 13. A cikin Janairun 2018 Kotun Ƙoli ta jihar ta soke taswirar, a zaɓen Nuwamba na wannan shekara kuma aka tashi 9 da 9. Amma a 2019 Kotun Ƙoli ta tarayya, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin raba gardamar murɗiyar iyaka don amfanin jam'iyya, sai maganar ta koma hannun kotunan jihohi da 'yan siyasa.

A Jami'ar Harvard, wata ƙungiyar bincike ƙarƙashin Kosuke Imai ta faɗaɗa gwajin zuwa dukan ƙasar bayan ƙidayar 2020, ta zana taswirori 5,000 ga kowace jiha. Sakamakon da suka wallafa a 2023 ya ce murɗiya ta yawaita, sai dai ta wannan jam'iyya tana cinye ta waccan, har ribar da ta rage wa Rifablikan ba ta wuce kimanin kujeru 2 cikin 435 ba. Asarar ta faɗa a wani wuri dabam: mazaɓun da ake gwabzawa da gaske sun ragu, wakilai da yawa kuma ba su da fargabar faɗuwa ko da jama'a sun juya ra'ayi.

Ya kamata a faɗi cewa wannan hanya tana da nata rauni. Kwamfuta ba ta san adalci ba, sharuɗɗan da aka ba ta take bi. In aka ce ta fifita dunƙulewar mazaɓa za ta ba da amsa iri ɗaya, in aka ce ta kiyaye iyakokin ƙananan hukumomi ko ta haɗa 'yan ƙabila ɗaya wuri guda, amsar tana iya sauyawa. Zaɓen sharuɗɗan kuwa hukunci ne na siyasa, ko da an lulluɓe shi da lissafi. Haka nan ba ko'ina ne birni ke shan kaye ba. A Kanada, a zaɓen 2019, 'yan mazan jiya sun fi yawan ƙuri'u amma suka sami kujeru 121, Jam'iyyar Liberal ta Justin Trudeau ta sami 157, domin a can ƙuri'un 'yan mazan jiya ne suka taru a lardunan Alberta da Saskatchewan. A Birtaniya a 2024, Leban nan da taswira ta cuta a 1951 ta kwashe kujeru 411 cikin 650 da kimanin sulusin ƙuri'u.

Wasu ƙasashe sun gaji sun sauya tsarin ɗungum. A New Zealand Jam'iyyar Leba ta fi yawan ƙuri'u a 1978 da 1981 amma ta rasa mulki duka biyun. A 1993 jama'a suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka zaɓi tsarin raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, irin na Jamus, aka fara aiki da shi a 1996. A irin wannan tsari ƙuri'ar mutum tana da daraja ɗaya ko ina ya kwana, sai dai gwamnati takan zama ta haɗin gambiza. Indiya kuwa hanyar ɗage magana ta bi. A 1976 ta daskarar da rabon kujerun majalisarta tsakanin jihohi bisa ƙidayar 1971, domin kada jihohin da suka rage haihuwa su yi asarar wakilai, a 2001 kuma aka tsawaita wa'adin har sai an yi ƙidaya bayan 2026. A tsawon wannan lokaci jihohin arewa irin su Uttar Pradesh da Bihar sun ƙaru ƙwarai fiye da na kudu irin su Kerala da Tamil Nadu, har ɗan majalisa a arewa ya zamanto yana wakiltar mutane da yawa fiye da takwaransa na kudu.

A NAN GIDA

Nijeriya ta gaji tsarin mazaɓa ɗaya wakili ɗaya daga Ingila, don haka duk abin da aka zayyana a sama ya shafe ta. A zaɓen tarayya na 1959 an raba kujeru 312 bisa yawan jama'a: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Jam'iyyar NPC ta ci 134, ta zo ta ɗaya, ko da yake NCNC da Action Group kowacce ta fi ta yawan ƙuri'u. Babban dalili shi ne matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a a lokacin, alhali an ƙirga su wajen rabon kujeru. Masu tsarin mulkin 1979 kuma sun sa labarin ƙasa cikin doka da gangan, inda suka ce shugaban ƙasa sai ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, abin da ya haifar da shari'ar nan ta jiha goma sha biyu da sulusi biyu tsakanin Alhaji Shehu Shagari da Cif Obafemi Awolowo.

Tsarin mulkin 1999 ya tanadi mazaɓun tarayya 360, ya ce jama'ar kowacce su yi kusa da daidai gwargwadon iko, ya kuma ɗora wa hukumar zaɓe alhakin sake duba su bayan aƙalla shekara goma, ko bayan ƙidaya. Amma iyakokin da aka yi zaɓen 2023 a kansu an shata su ne tun 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha. Ƙidayar 2006 ta ba da mutum miliyan 140, wanda in aka raba shi gida 360 kowane wakili zai tashi da kimanin 390,000. Ƙaramar hukumar Alimosho ta jihar Legas ita kaɗai an ƙirga mata fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, wakilinta kuwa ɗaya ne. Babban Birnin Tarayya, wanda aka ƙirga wa miliyan 1.4 a wannan shekara ya kuma ci gaba da cika yana batsewa, wakilai 2 ya aika majalisa a 2023. Unguwannin da suka tsiro a gefen Kano da Kaduna da Fatakwal cikin shekaru talatin ɗin nan duk an cusa su ne cikin tsofaffin iyakoki.

Mai binciken da zai so ya yi wa Nijeriya irin gwajin Florida zai sami rabin kayan aikinsa. A 2021 hukumar zaɓe ta ƙara rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846, tun 2020 kuma ta riga ta fara ɗora hotunan takardun sakamakon rumfuna a intanet, abin da masana a wasu ƙasashe suke shan wahala kafin su samu. Ɗaya rabin shi ne adadin mutanen da ke zaune a kowace gunduma, wanda sai da shi kwamfuta za ta iya zana mazaɓu masu daidaito. An shirya sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki a fara, alƙaluman da ke hannu kuwa na watan Maris na 2006 ne.